Sandar Dagaci da Ƙwaryar Babanmu

Na san abin da ake faɗa a kaina a Kukar Bako. Ko ba ku gaya mini ba, na gani a fuskar Hadiza ranar da ta dawo daga biki tana kumbure-kumbure, wai wata mara kunya ta ce mata jikar ɓarawon sanda. To, ku ji daga bakin mai ita. E, na ɗauki sandar Dagaci. Da hantsi na ɗauke ta, a gaban mutane, na tsallaka da ita ƙasar Nijar, wadda mu a lokacin Faransa muke ce mata. Ban taɓa musun haka ba, kuma ba yanzu da furfura ta gama cinye mini kai zan fara ba. Abin da ya hana ni sakat shekara da shekaru abu ɗaya ne, na makara da kwana guda.

Ku 'yan yanzu ba ku san bin sawu ba, don haka bari in fara da shi. Babanmu Audu shi ne Sarkin Sawun garinmu. In aka saci sa ko raƙumi ko jaki, shi ake kira tun kafin kaji su tattake wurin. Zai durƙusa ya ƙura wa ƙasa ido, ya miƙe ya kama hanya ba ya ce wa kowa uffan, har sai sawun ya kai ƙarshen ƙasar garinmu. A nan zai zaɓi sawu ɗaya mai kyau ya kife shi da ƙwarya, ya ɗora dutse. Daga nan kuma aiki ya koma hannun garin da sawun ya shiga. Mai bin sawunsu zai zo ya ɗaga ƙwaryar, ya gani da idonsa, ya ci gaba. Ko dai su nuna inda sawun ya fita daga ƙasarsu su kife wa na gaba, ko su fito da dabbar. Babu na uku. Tsakaninmu da Ɗan Kalgo, garin da ke tsallaken iyaka, tafiyar da ba ta kai awa biyu a ƙasa ba, akwai ƙarin sharaɗi guda tun zamanin da Turawa suka kafa turakun siminti suka raba mu: ba a ɗaga ƙwarya sai an ga sandar Dagacinmu a hannun wanda ya zo, mu ma ba ma ɗagawa sai mun ga ta Maigarinsu. Sandar ce ke cewa wannan mutumin gari ne ya aiko shi, ba gaban kansa ya zo yi ba. Wata gora ce kawai mai ɗaurin jar fata a kai, in ka gan ta jingine a zaure ba za ka sake kallonta ba. Amma saboda ita ɓarawo ya san tsallaka iyaka ba zai fisshe shi ba, kuma mu da mutanen can muka zauna ba soja, ba ɗan sanda, ba takarda.

Mai bin sawun Ɗan Kalgo shi ne Baba Illo, aminin Babanmu. Da Baba ya rasu, yayana Mamman ne ya gaji idon da ƙwaryar. Ni boko aka sa ni, na gama firamare, na zama malamin Dagaci, ina rubuta masa wasiƙu ina karanta masa na Hakimi.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Kowane gida rediyo, samari duk sun hau babur, an kwanta an tashi titin kwalta ya wuce ta gefenmu zuwa Daura. Yaya ya sayi shanun huɗa guda biyu da garma, farare tas, ɗayan yana da tsaga a kofaton hagu na baya. Yadda yake ji da shanun nan, Inna har tsiya take yi a bayan idonsa, tana ce wa matarsa ta yi haƙuri an yi mata abokan zama masu ƙaho. Ana cikin haka sojoji suka ce za su miƙa mulki, aka buɗe siyasa, gari ya dare biyu. Ba zan kama sunan jam'iyya ba, don wallahi dukkansu ba su cancanci tawadata ba. Mu dai a Kukar Bako 'yan rumfar gabas muke cewa da 'yan rumfar yamma, saboda inda kowa ya kafa tutarsa a kasuwa. Rumfar gabas ta Alhaji Garba ce, ɗan kwangila, kuma Dagaci yana tare da shi. Rumfar yamma ta Malam Tanimu ce, tela, mai bakin da ba ya gajiya, kullum maganarsa talaka da zalunci. Yaya ya bi Malam Tanimu har ya kafa tuta a kan zaurenmu. Ni ban yanki katin kowa ba, amma tunda a zauren Dagaci nake cin abinci, kowa ya lissafa ni a gabas. Kai, abin ya kai mahauci ma sai ka duba hular da ya sa kafin ka sayi tsire. Mutanen da suka sha nono ɗaya suka koma gaisuwa da ka.

Wata Laraba da asuba, gab da faɗuwar damina, Yaya ya fita ba shanu dusa ya tarar da turke wayam, an yanke igiyoyi. Bai yi ihu ba. Ya ɗauki ƙwaryar Baba ya bi sawu, kafin rana ta yi zafi ya kai shi gindin turken simintin da ke bakin burtali, ya kife. Matsalar ita ce washegari Alhamis kasuwar Ɗan Kalgo ke ci, kuma tun da sassafe garkunan shanu za su bi burtalin nan su shafe komai. Abin da ke ƙarƙashin ƙwarya zai tsira, amma ci gabansa ya tafi. Ke nan a ranar za a miƙa sawu ko kuma a haƙura da shanu. Da azahar ya shigo zauren Dagaci, ƙafafunsa futu-futu, ya cire takalmi ya durƙusa. Ina zaune a gefe da takarduna, Alhaji Garba yana kan kujera kusa da Dagaci yana kaɗa makullin mota.

"Ranka ya daɗe, an kwance mini shanu. Na kai sawu iyaka na kife. Sanda na zo a ba ni."

Dagaci ya buɗe baki zai yi magana, har ya juya wajen da sandar take, sai Alhaji ya riga shi.

"Au, yau ka san da sarauta? Ba ku ne kuke hawa tebur a kasuwa kuna cewa zamanin sarakai ya wuce ba? Ka je telanku ya ba ka almakashi ka kai wa 'yan Faransa."

"Alhaji, ba da kai nake ba. Ranka ya daɗe, ubana shekara nawa yana bin sawu a garin nan, bai taɓa tambayar mai dabba wa yake bi ba."

Dagaci ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Tsoho ne mai sanyin hali, kuma rufin kwanon da ke kan zauren nan Alhaji ne ya yi masa. Can ya ce a hankali:

"Mamman, ka sauke tutar nan daga kan gidanku, ka zo rumfa gobe a gan ka. Sanda ba ta gagare ka ba."

Ku ji fa! Sandar da kakanni suka ajiye don tsaron gari, ita aka mayar abin sayen ƙuri'a. Yaya ya miƙe ya sa takalminsa. Ya kalle ni sau ɗaya, ni kuwa na duƙufa a kan takarda kamar ina karanta wani abu.

Kada ku ɗauka mutanen yamma sun fi. Da Yaya ya je rumfarsu, maimakon Malam Tanimu ya tara dattawa a koma a roƙi Dagaci, ko a hau babur a kai kuka wurin Hakimi, sai murna ta kama shi, ya samu abin faɗa a taro. Ya hau benci ya ce ga irin zaluncin da yake faɗa, ya ce talaka ba ya buƙatar gorar kowa, samarin jam'iyya za su raka Mamman su nuna wa duniya. Ya tara samari bakwai, kowa da hular jam'iyya da kulki. Shi kansa fa ko bakin gari bai raka su ba, ya ce yana da ɗinkin da zai ƙarasa.

Labari ya dawo zauren Dagaci kafin la'asar. Alhaji Garba ya juyo gare ni.

"Malam Isiyaku, ɗauki biro. Rubuta wa Maigarin Ɗan Kalgo cewa wasu 'yan tada zaune tsaye suna tafe da makamai za su kwashi shanunsu a madadin nasu. Ka ce ba da yawunmu ba, ba mu san su ba."

"Alhaji, yayana ne fa. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To, sai me? In jandarmomi, 'yan sandan can, suka riƙe mana su har a gama zaɓe, wa ya yi asara?"

Na ce ba zan rubuta ba. Wannan kam na faɗa, kuma Allah ne shaidata, duk wanda ya ce muku ni na rubuta takarda ƙarya yake yi, babu ma takardar. Alhaji ya yi tsaki ya kira direbansa, ya ce ya ɗauki babur ya kai saƙon da baki. Mutum ya aika wa wata ƙasa cewa 'yan garinsu ɓarayi ne, don kawai hularsu ba irin tasa ba ce! Dagaci yana zaune yana ji, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba.

Na fita da gudu na tarar da Yaya a bakin rijiya suna shirin tafiya. Na ja shi gefe na gaya masa abin da aka aika.

"Yaya, don girman Allah ka bari. An riga an ɓata ku a can."

"In na bari, gobe da me zan yi huɗa? Da haƙorana?"

"A bari zuwa safe, zan sake yi wa Dagaci magana."

"Da safe shanun kasuwa sun shafe sawu, kai ma ka sani. Isiyaku, sandar nan a bayanka take jingine kullum. In kai ƙanena ne, je ka ɗauko. Ni da kai kawai mu tafi, in sallami yaran nan."

Na tsaya. Na tuna albashina, na tuna auren da nake shirin yi da kakarku, na tuna yadda ake ce mini Malam a kasuwa. Na ce masa ba a yin haka, sanda ba a ɗaukarta sai an ba da. Ya yi wani murmushi ya ce, "Haka ne, Malam." Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Ya juya suka tafi.

Gab da magariba biyu daga cikin samarin suka dawo a guje, ɗaya ba hula, ɗaya jini a riga. Mutanen Ɗan Kalgo sun yi kwanto a burtali da sanduna da gatura, tunda an ce musu mahara ne ke tafe. Ba a tsaya tambaya ba. Jandarmomi sun tafi da biyar, Yaya kuma an sare shi a ka, ba su san ko yana da rai ba. Na koma zauren Dagaci, aka ce ya shiga gida ba ya jin daɗi. Na je rumfar yamma, na tarar Malam Tanimu yana tsara yadda za a kai maganar jarida a Kano. Ba wanda ya ce a je a ɗauko shi.

Da safe na shiga gaida Inna. Kun san Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yi masa magana a gaban mutane, ko ciwo yake sai dai ta aika a tambaya. Na tarar da ita zaune a bakin murhu, ba ta hura wuta ba. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce:

"Isiyaku, ina Mamman?"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ban san lokacin da na fita ba. Na shiga zauren Dagaci, fadawa suna zaune, Alhaji yana nan, Dagaci ya fito. Ban durƙusa ba. Na wuce ta gabansu na ɗauki sandar.

"Kai, Isiyaku! Ka haukace ne?" in ji Alhaji. "Ranka ya daɗe, kana gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan je in ɗauko ɗan garinka. In akwai wanda zai hana ni, ya taso."

Ba wanda ya motsa. Dagaci ya kawar da kai yana kallon bango. Na daɗe ina tunanin wannan kawar da kan, wataƙila iyakar abin da ya iya yi ke nan, amma ban yafe masa na ranar Laraba ba.

Na bi burtali a ƙasa. Shanun kasuwa sun riga sun wuce, ƙasa duk ta dagule. Ƙwaryar tana nan a gindin turken siminti da dutsenta a kai, shanu sun kewaye ta. Da na shiga Ɗan Kalgo mutane suka yi cirko-cirko, amma da suka ga jar fatar nan sai aka buɗe mini hanya har ƙofar Maigari. Yaya yana kwance a zaure kan tabarma, an naɗe masa kai da rawani, jandarma ɗaya yana gadi a bakin ƙofa. Baba Illo yana zaune a kansa yana kore masa ƙuda. Ashe shi ne ya iso ana cikin dukan, ya gane fuskar, ya faɗa a kansa yana ihu ɗan Audu ne, ɗan Audu ne. Shi ma ya sha sanda biyu a baya.

Maigarin ya karɓi sandar da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya dube ni.

"Jiya an aiko mana daga zauren Dagacinku cewa waɗannan ba naku ba ne. Yau ga sandar Dagacinku ta ce naku ne. Ɗana, garinku baki nawa gare shi? Da wanne za mu yi magana?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Ranka ya daɗe, da sandar za ka yi magana. Ita kuka sani tun kafin a haife ni."

Ya fita ya yi magana da jandarman cikin Faransanci, aka kai aka kawo, aka aika wa babbansu. Kafin azahar aka ce in ɗauki ɗan'uwana, tunda gari ya aiko a hukumance. Sauran biyar ɗin ma bayan kwana biyu aka sako su, albarkacin gorar nan da aka hana. Maigari ya ba da amalanke, Baba Illo ya raka mu har turken siminti. A hanya Yaya ya buɗe ido sau ɗaya, ya ga sandar a kan cinyata. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ka ɗauko." Na ce na ɗauko, Yaya. Ya mayar da idonsa ya rufe. Muka wuce da shi asibiti a Daura, likitoci suka yi iya yinsu, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Na mayar da sandar da hannuna na jingine ta inda take. A ranar aka sallame ni daga aiki. Mutanen gabas suka ce na saci sandar sarauta na kai wa 'yan Faransa, na zubar da mutuncin ƙasa. Su da suka aika direba! Mutanen yamma kuma suka ce ai ni ne malamin Dagaci, ni na rubuta takardar da ta kashe yayana. Malam Tanimu har sunan Yaya ya riƙa kamawa a taro yana share hawaye, mutumin da ɗinki ya hana shi raka shi bakin gari. Tir da wannan hali. Ko a zaman makoki ba su ji kunya ba: 'yan gabas suka shimfiɗa tabarminsu a gindin bishiyar bedi, 'yan yamma suka shimfiɗa nasu a jikin katanga, kowa da malamin da ke yi masa addu'a, a ƙofar gida ɗaya, a kan mamaci ɗaya.

Ranar addu'ar uku mutanen Ɗan Kalgo suka zo ta'aziyya, dattawa shida, Baba Illo a gaba yana dogara sanda. Suka tsaya a tsakiya suna duban nan suna duban can, ba su san inda za su zauna ba. Ƙarshe a ƙasa suka zauna, tsakanin tabarmin biyu. Da aka shafa fatiha Baba Illo ya kira ni gefe, ya zaro ƙwaryar Baba daga cikin babbar rigarsa.

"Jiya na je na ɗaga, tunda ka kawo sanda. Sawun yana nan lafiya lau, kofaton hagu mai tsaga. Ɗana, tun ranar Laraba da hantsi wani makiyayi ya gaya mini an kife ƙwarya a iyaka. Na sa takalmina na zauna a ƙofar gida ina jiran sanda har la'asar. Da ta zo, kafin faɗuwar rana da na kai ku inda shanun suke, don ƙasar ranar ko makaho ya bi ta."

Ya miƙo mini ƙwaryar.

"Riƙe. Maigari ya ce in gaya maka ba za mu ƙara ɗagawa ba, mu ma ba za mu kife muku ba. Ba fushi ba ne. Ba mu san wanda za mu yarda da shi ba ne a cikinku."

Haka aka yi kuwa. Kafin shekara ta zagayo ɓarayi sun gane, wanda ya sata a nan ya tsallaka can, wanda ya sata a can ya tsallako nan, ba mai bin wani. Shanun Alhaji Garba ma an kwance su, ya yi ta sintiri tsakanin ofisoshi da takardu, ko igiya bai gani ba. Aka kawo mana jami'ai da shinge a kan titi, su kuwa ɓarayi ba ta titi suke bi ba. Yanzu in na kunna rediyo na ji manya suna zagin juna a kan tsaron iyaka, wannan ya ce laifin wancan ne, wancan ya ruga waje yana kai ƙarar wannan, sai in kashe abina. Na riga na ga irinsa a zaure ɗaya, da idona, kuma na san wanda ake ɗaukowa a amalanke.

To, ga abin da za ku ce wa duk wanda ya sake kiran ku jikokin ɓarawon sanda. Ku ce e, ya ɗauka. Amma kada ku tsaya a nan, don ban rubuta wannan don in wanke kaina ba. Ranar Laraba da la'asar yayana ya roƙe ni a bakin rijiya, sandar tana nan taku kaɗan daga inda muke, Baba Illo yana zaune da takalmi a ƙafa yana jira, ni kuma na ce ba a yin haka. Alhaji da tela suna da nasu kason, Allah zai tambaye su. Wannan nawa ne.

Ƙwaryar nan da ke rataye a ɗakina, wadda kuke tambaya me ya sa ba a dama fura a ciki, ita ce. In na mutu ku kai wa 'ya'yan Mamman, tasu ce. Na yi niyyar kai musu da kaina ya fi sau ashirin, ban iya ba.